Bawul, sukari ko silinda: wace hanya ta fi dacewa wajen sa wa giyar gida gas?

Masu haɗa giya a gida a ƙasashe irin su Jamus, Amurka da Ostireliya suna da hanyoyi uku na sa wa abin shansu gas. Ta farko, a zuba ɗan sukari a rufe a kwalba, yis ya cinye shi ya bar iskarsa a ciki. Ta biyu, a toshe mazubin tun tsimuwa ba ta ƙare ba, a ɗora masa bawul ɗin da ke sakin iska da zarar matsi ya haura inda aka saita. A shaguna sunansa spunding valve, kuma iri biyu ne: mai sifirin da mai tantanin roba. Ta uku, a jira komai ya lafa, sannan a ɗura iskar kabon daga silinda. Dabarar bawul ba sabuwa ba ce. Dokar giya ta Bavariya ta 1516 ta taƙaita kayan haɗi ga ruwa, sha'ir da furen hop, don haka masu dafa lager, wato giyar da ake tsimawa cikin sanyi, a can suka saba riƙe iskar da tsimuwar kanta ta haifar maimakon ƙara sukari.

Wanda ya rasa wacce zai ɗauka, yawanci bawul ɗin yake zuba wa ido, alhali mazubin da za a ɗora shi a kai da zafin ɗakin da zai zauna su ne ke yanke hukunci.

Lissafin da ya kamata a sani kafin a sayi komai

Ana auna gas ɗin da ke cikin abin sha da ninki. Ninki 1 na nufin lita ɗaya ta iskar kabon ta narke a cikin lita ɗaya ta ruwa, wato kusan giram 2. Giyar gargajiya ta Ingila tana zama tsakanin ninki 1.5 da 2, lager ta yau da kullum wajen 2.5, ta alkama irin ta Jamus kuma 3 zuwa sama. Giyar da ta gama tsimuwa a buɗe a digiri 20 na Salsiyas tana riƙe da kusan ninki 0.85 da kanta, saboda haka abin da ake nema shi ne cikon.

Yawan iskar da ruwa zai riƙe ya dogara ga abu biyu: matsi da sanyi. Ruwa mai sanyi yana shan iska cikin sauƙi, mai ɗumi kuwa sai an matsa masa. Don samun ninki 2.5, ga matsin da ake buƙata a kan geji, a ma'aunin psi irin wanda ake auna iskar taya da shi:

| Zafin abin shan | Matsi |
|---|---|
| digiri 4 | psi 12 |
| digiri 10 | psi 18 |
| digiri 15 | psi 23 |
| digiri 20 | psi 28 |
| digiri 25 | psi 33 |
| digiri 30 | psi 38 zuwa 40 |

Layin ƙarshe ya zarce iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. A riƙe wannan a rai, domin mazuban roba da yawa ba a yi su don su kai can ba.

Akwai kuma yawan iskar da tsimuwa ke fitarwa. Duk maki ɗaya da nauyin ruwan ya sauka a kan haidiromita (ma'aunin da ake tsomawa a ruwan don sanin sukarin da ya rage), misali daga 1.014 zuwa 1.013, yana ba da kusan rabin ninki. Giya mai lita 19 da ta faro daga 1.050 ta tsaya a 1.010 ta sauka maki 40, wato ninki 20, kusan lita 400 ta iska. Ninki 2.5 kacal ake so ya zauna a ciki. Sauran duka dole ya samu ƙofar fita, kuma aikin bawul ke nan.

Ma'aunan da za a gwada su da shi

Farashi, har da kayan da hanyar ke jawowa a bayanta. Ƙarko, wato shekarun da kayan za su yi da kuma abin da ke fara lalacewa. Sauƙi ga wanda bai goge ba. Haɗari. Sai na biyar wanda masu saye kan manta: daidaito, wato ko hanyar za ta ba ka gas iri ɗaya a kowane dahuwa.

Sukari a kwalba

Babu wadda ta kai ta araha. Kwalabe, marafai, abin matse marfi da sikeli mai auna giram, shi ke nan. Giram 6 na sukarin shayi a kowace lita yana kai giyar da ta tsimu a digiri 20 zuwa wajen ninki 2.5, ga lita 19, giram 115 zuwa 120. A narkar da shi a ɗan ruwa, a tafasa, a bari ya huce, a gauraya da giyar a hankali ba tare da kaɗawa ba, sannan a ɗura. Kwalaben su zauna mako 2 zuwa 3 a wajen digiri 20.

Matsalarta ita ce ba ta da ƙofar fita. Idan an ɗura giyar da saura maki 4 ta gama, an ƙara ninki 2 a kan abin da sukarin zai bayar, kuma kwalbar giya ta gama-gari ba a yi ta don ninki 4.5 ba. Haka ma idan yis ɗin daji ya shiga, ko aka yi amfani da irin yis ɗin giyar saison ta Beljiyam mai iya narkar da sukarin da sauran ke bari, matsin zai yi ta hawa har tsawon watanni. Fashewar kwalba na iya raba mutum da ido. Maganinsa a auna nauyin ruwan sau biyu, kwana 3 tsakani, a tabbatar bai motsa ba. Yana da kyau a ɗura kwalba ɗaya ta robar lemo a cikin jerin. Taurinta a hannu zai nuna halin da sauran ke ciki.

Sauran aibinta ƙanana ne: laka a gindin kwalba, wahalar wanke kwalabe 50 da wani abu, da iskar waje da ke taɓa giyar lokacin ɗurawa, wadda ke dusashe ƙamshin hop da wuri.

Mazubi tukuna, sannan bawul

Kafin maganar irin bawul, dole a faɗi wannan ƙarara: ba a ɗora matsi a kan tulun gilashi, ko kaɗan. Bokitin roba ma bai dace ba, marfinsa zai tashi ko ya yi yoyo. Mazubai biyu ne aka saba da su. Na farko tulun ƙarfe mara tsatsa na Cornelius mai lita 19, wanda asalinsa na kamfanonin lemo ne. Irin da Pepsi ta yi amfani da shi yana da haɗi mai ƙananan ƙwallaye, na Coca-Cola kuma mai ƙusoshi. An buga masa iyakar psi 130, ya ninka duk abin da tsimuwa ke buƙata. Na biyu mazubin roba mai gani-har-hanji irin FermZilla na kamfanin KegLand da ke Ostireliya, wanda iyakar aikinsa psi 35 ce. Robar ba ta son ruwan zafi, ba ta son rana, ba ta son a karce ta da soso mai kaushi, kuma tana da ranar da aka buga mata wadda bayanta sai an yi mata gwajin matsi da ruwa. Amfaninta shi ne kana ganin abin da ke faruwa a ciki, kuma tana da sarari a sama don kumfa.

Kowane daga cikinsu yana da ƙaramin bawul na ko-ta-kwana a marfi, galibi mai zoben da ake ja. Wannan ba a saita shi, kuma ba shi ne zai daidaita gas ba. Amma kada a cire shi, kada a toshe shi, domin ranar da babban bawul ya cushe, shi ne zai ceci mazubin.

Bawul mai sifirin

Ginin sa mai sauƙi ne: sifirin yana danne ɗan toshi a kan rami, kusoshi yana ƙara ko rage dannawar. Mutane da yawa suna haɗa nasu da bawul ɗin tagulla irin na injin hura iska, da mahaɗa mai baki uku, da geji, da mahaɗin gas mai ruwan toka wanda ke shiga bakin gas na tulun. Jikinsa ƙarfe ne, ko ya faɗi ƙasa ba ya fashewa, kuma wannan ne babban abin yabonsa.

Inda yake gazawa shi ne daidaito. Irin wannan bawul ba ya buɗewa da rufewa a wuri ɗaya. Zai iya buɗewa a psi 15, ya ƙi komawa ya zauna sai matsin ya sauka zuwa 11 ko 12. Idan an yi shi don aiki daga 0 zuwa 100, ɗan murɗi kaɗan yana tsallake psi da yawa, don haka saita shi a 12 sai da haƙuri. Ga kuma tsiyaya: da zarar ɗan datti ko busasshiyar kumfa ta zauna a bakin toshin, iska za ta dinga sulalewa a hankali. Lokacin da yis ke kan ganiyarsa ba za a lura ba, domin yana samar da fiye da abin da ke zurarewa. Sai tsimuwa ta lafa a wayi gari geji ya faɗi, giyar kuma lami. Tagulla ba ta jituwa da ruwa mai tsami. Kumfar giya ko maganin kashe ƙwayoyin cuta mai asid suna sa ta yin kore. Wanda ya nace sai mai sifirin, ya nemi na ƙarfe mara tsatsa wanda iyakarsa ba ta wuce psi 30 ko 60 ba.

Bawul mai tantanin roba

A nan iskar tana tura faffaɗan tantani ne maimakon ɗan ƙaramin toshi. Faɗin tantanin ya sa ko canji kaɗan a matsi yana motsa shi, shi ya sa yake buɗewa a hankali, ya rufe kusa da inda ya buɗe. BlowTie na KegLand shi ne aka fi gani. Jikinsa roba ne, tiyo mai milimita 8 yana shiga cikinsa da turawa kawai, kuma ana kwance shi da sukundireba a wanke. Kuɗinsa, har da geji da mahaɗi, yakan tsaya a 'yan gomiyoyin dalar Amurka, bai kai kuɗin tulun da za a ɗora shi a kai ba.

Rauninsa na roba ne. Tantanin yana gajiya, zoben roba yana bushewa, kuma idan an yanka bakin tiyon a karkace zai yi yoyo a mahaɗa. Amma kayan gyaransa masu arha ne. Ƙananan gejin da ake haɗa shi da su ba duka ne ke faɗin gaskiya ba. A gwada shi da gejin regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar silinda, kafin a amince masa. A kuma duba iyakar gejin: mai tsayawa a psi 15 ya isa tsimuwa a ƙarƙashin matsi, amma bai isa sa gas a digiri 20 ba, inda ake neman 28.

Yadda ake aiki da bawul, kowane iri ne

Aiki biyu ne mabambanta ake yi da shi, kuma mutane na yawan cakuɗa su.

Na farko, kama gas a ƙarshen tsimuwa. Ana barin iska tana fita a sake har sai saura maki 4 giyar ta kai inda za ta tsaya. Sanin wannan wurin kuwa sai da gwaji: a ɗebi kamar mililita 200 tun ranar farko, a ƙara masa yis da yawa, a ajiye a wuri mai ɗumi ana girgizawa, cikin kwana 2 ko 3 zai nuna ƙarshen tafiyar. Idan ya tsaya a 1.010, a rufe babban mazubin a 1.014, a saita bawul bisa jadawalin can na sama. In an makara har ya sauka 1.011, sukarin da ya rage ba zai kai matsin ba, sai an cika da silinda. In an yi sauri kuma babu laifi sosai, bawul zai zubar da rarar.

Na biyu, tsimuwa a ƙarƙashin matsi tun daga farko, yawanci psi 10 zuwa 15. Matsi yana danne ƙamshin 'ya'yan itace da yis ke fitarwa idan ya ji ɗumi, shi ya sa ake iya yin lager a digiri 18 zuwa 20 maimakon 10 zuwa 12, a kuma gama da wuri. Kamfanin White Labs ma yana da yis mai lamba WLP925 da aka ware don wannan aiki a wajen psi 15, kuma masu gida da yawa suna amfani da W-34/70 na Fermentis. Sai dai abin da ya gyara lager shi ke ɓata wasu: giyar alkama ta Jamus da ta Beljiyam ƙamshin yis ɗin ne daɗinsu, matsi tun farko zai bar su salam. Kuma matsi mai yawa yana hana yis hayayyafa. Ya fi kyau a bar bawul kusan a buɗe kwana ɗaya ko biyu na farko, warin ƙibiritu ya samu ya fice, sannan a ɗaga zuwa 12, sai a ƙarshe a kai shi matsin sa gas.

Saitin kansa: idan akwai silinda, a cika tulun da babu komai da matsin da ya ɗan wuce wanda ake so, a ɗora bawul a rufe, a dinga sassautawa har geji ya sauko ya tsaya a wurin. Idan babu, a bar tsimuwar ta tara matsi a yi hakan. A jefa bakin tiyon fita a kofin ruwa, ƙyallin kumfa zai nuna lokacin da ya buɗe. A shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa. Marfin tulun Cornelius sai da ɗan matsi yake zama daram, don haka wani lokaci iskar farko ta gefensa take gudu.

Babban abin da ke kawo matsala shi ne kumfa. Idan aka cika mazubi har wuya, kumfar tsimuwa za ta hau cikin bakin gas, ta bushe, ta toshe bawul da geji gaba ɗaya. Daga nan geji zai tsaya cak yana nuna lamba mai kwantar da hankali, matsi kuwa yana ta hawa a ciki. A tulun lita 19 kada a wuce lita 15 ko 16. Abu na biyu, buɗe marfi don zuba furen hop a giyar da ta riga ta sha gas: za ta taso ta malale cikin daƙiƙoƙi. A saki matsin a hankali tukuna, ko a zuba hop ɗin tun kafin a rufe. Na uku ba matsala ba ce, tsoro ne kawai: idan aka sa tulun a firji, geji zai sauko daga 28 zuwa wajen 12. Iskar ta shige cikin giyar ne. A cire bawul kafin sanyayawa. Samfurin da za a auna da haidiromita kuma sai an kaɗe masa gas, in ba haka ba kumfa za ta ɗaga ma'aunin ya yi ƙarya.

Silinda da regileta

Ita ce mafi tsada a farko: silinda, regileta, tiyo, tulu, da firjin da tulun zai shiga. Silinda da regileta kaɗai sun haura dala 100, ga kuma kuɗin ɗuri lokaci zuwa lokaci. Amma babu wadda ta kai ta daidaito. A sanyaya giyar zuwa digiri 4, a saita psi 12, a bar ta mako ɗaya zuwa biyu. Mai gaggawa yakan sa psi 30 na kwana ɗaya ya dawo da shi 12, sai dai in ya manta ya kwana biyu zai sha kumfa zalla. Regileta mai kyau tana shekaru.

Haɗarinta a silindar yake. Iskar da ke ciki ruwa ce a matse, wajen psi 830 a digiri 20, kuma daga digiri 31 zuwa sama matsin yana tashi da sauri. Ba a barin ta a rana ko a but ɗin mota, ba a kwantar da ita tana aiki, kuma a ɗaure ta kada ta faɗi kan regileta. Iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta da wari, tana taruwa a ƙasa. Yoyo a ƙaramin ɗaki rufaffe na iya sumar da mutum. A nemi iskar da aka tace don abinci. Gejin silindar ba ya nuna saura nawa sai ta kusa ƙarewa, sikeli ne ke faɗa.

| | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Daidaito | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sukari a kwalba | mafi arha | kwalba na daɗewa | sauƙi, amma aiki da yawa | matsakaici | fashewar gilashi |
| Bawul mai sifirin | arha, ban da mazubi | jiki mai ƙarfi, tagulla na yin kore | saiti da wuya | ƙasa | toshewa, tsiyaya |
| Bawul mai tantani | arha, ban da mazubi | roba na gajiya, gyara da sauƙi | sai an iya auna nauyin ruwa | mai kyau | toshewa da kumfa |
| Silinda | mafi tsada | shekaru | mafi sauƙi | mafi kyau | zafi, yoyo a rufaffen ɗaki |

Wa ya dace da wacce

Wanda ke farawa, ko yake yin 'yan litoci jefi-jefi, ya tsaya a sukari da sikeli, ya sa kuɗinsa a haidiromita. Haka ma mai son giya mai ninki 3 zuwa sama, muddin ya samu kwalabe masu kauri irin na shamfen.

Wanda ya riga ya mallaki tulun ƙarfe, yana son lager ba tare da firjin tsimuwa mai sanyi sosai ba, ko yana son kare ƙamshin hop daga iskar waje, ya sayi mai tantanin roba da geji mai kai psi 30 ko 60. Tsakanin bawulan biyu babu wani dogon tunani. Mai sifirin ya dace ne kawai da wanda yake da shi a hannu kuma yana da silindar da zai cike giɓin da ya bari.

Wanda ɗakinsa ke kai digiri 30 zuwa sama, kamar yadda bazara take a ƙasashenmu, kada ya dogara da bawul don cikakken gas a mazubin roba: psi 38 ya wuce iyakar 35. Tulun ƙarfe zai jure, amma yawancin yis ba sa ba da ɗanɗano mai kyau a wannan zafin. Ko dai ya samu hanyar sanyaya mazubin, ko ya tsaya a psi 15 ya ƙarasa da silinda a firji.

Wanda kuma gas kawai yake so a zoɓo, lemon citta ko ruwan tsamiya, ba ya son ko ɗigon barasa, silinda ce kaɗai hanyarsa. Duk gas ɗin da yis ya samar yana zuwa ne tare da barasa kusan nauyi ɗaya, kuma a abin sha mai zaƙi yis ba ya tsayawa: bawul zai kare mazubin daga fashewa, amma zaƙin zai yi ta raguwa barasa tana ƙaruwa. A tafasa abin shan, a tace shi sosai, a sanyaya zuwa digiri 4, a sa masa psi 20 zuwa 25 idan ana son ƙarfin gas irin na lemon kwalba, a kuma ajiye shi a firji har ya ƙare.